Daga Garwa zuwa Yawunde: jirgin ƙasa, mota, ko jirgin sama?

Kawuna ya dawo daga Umara da labari guda wanda har yau bai gaji da ba da shi ba, labarin jirgin ƙasan Haramaini. Ya ce sun shiga a Madina bayan azahar, ya sha shayi, ya ɗan runtsa, yana buɗe ido sai ga Makka, ko la'asar ba ta kuɓuce musu ba. Kilomita 450 ke nan a cikin awa biyu da ɗoriya. Bai fi wata guda da dawowa ba likita a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ya rubuta wa maiɗakinsa takarda, ya ce a kai ta Yawunde, babban birnin ƙasar, a duba mata ƙashin baya. Da daddare ya aiko a kira ni.

"Kai da ka san hanyar kudu kamar yunwar cikinka," in ji shi, "ta ina zan bi da innarka? Ka san ba ta iya dogon zama."

Na ce, "Kawu, ka ba ni zuwa gobe in zauna in yi lissafi."

Lissafin da na yi masa shi ne na faɗaɗa a nan, don ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Ɗalibi mai zuwa jarrabawar ɗaukar aiki, ɗan kasuwa mai saro kaya a Duwala, uwa mai zuwa sunan jika a unguwar Briqueterie ta Yawunde, mutumin Njamena mai neman biza, kowa sai ya tsaya a wannan mararraba. Hanyoyin uku ne. Ko ka hau mota zuwa Ngaundere ka kama jirgin ƙasa na dare, ko ka shiga babbar mota tun daga gida ta bi da kai ta Bartuwa har Yawunde, ko kuma ka hau jirgin sama. Na bi kowacce ba sau ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta fi karkata ga jirgin ƙasa. Amma akwai mutanen da zan hana su hawansa, za mu zo kansu.

Abin da za a auna kafin a yanki tikiti

Na farko kuɗi, amma kuɗin tafiyar gaba ɗaya, tun daga fitarka gida har ka aje jaka a masauki. Mutane da yawa kan gwada tikiti da tikiti kawai, su manta da ɗan acaɓa, da kuɗin kaya, da abincin hanya, da kwanan da zai iya kama su a Ngaundere in sun rasa jirgin ranar.

Na biyu lokaci, shi ma a lissafa shi haka. Awa ɗaya da rabi a sama ba ita ce tafiyar ba in ka share yini kana jira a fili.

Na uku wahalar jiki. Wannan matasa kan raina shi, tsofaffi kuwa shi suke sa wa gaba da komai. Ƙafa za ta kumbura? Akwai inda mutum zai miƙe bayansa? Ban-ɗaki fa, da wurin alwala, da salla a kan lokaci? Mace mai goyo da dattijo mai ciwon suga sun san nauyin waɗannan tambayoyi.

Na huɗu ƙarkon hanyar, wato ko za a iya dogara da ita rani da damina. Ruwan Agusta yana cin kwalta ya karya gadoji. Hazon hunturu yana hana jirgi sauka a Garwa da Marwa. Layin dogo kuma guda ɗaya ne tal, in ya toshe babu ratse.

Na biyar haɗari: hatsarin hanya, masu yankan aljihu, da 'yan fashin da ake ce wa zargina. Mai kaya sai ya ƙara na shida, wato nawa za a yarda ya ɗauka, kuma a wane hali kayan za su isa.

Jirgin ƙasa na dare

Layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, daga nan kuma bai ƙara taku ɗaya zuwa arewa ba. Tsakaninta da Yawunde kilomita 622 ne, ta Ngawundal, Mbitom, Belabo, Nanga-Eboko da Obala. Kamfanin Camrail ke riƙe da shi tun 1999. Saboda haka mutumin Garwa sai ya fara cin kilomita kusan 280 a mota, ya haura dutsen nan na bayan Mbe mai kwana-kwana, kafin ya ga jirgin da idonsa. Mutumin Marwa kuwa ya ɗora wasu kilomita 200 da ɗoriya a kan wannan. Nan ne raunin wannan zaɓi yake, kuma duk wanda ya ce maka "jirgi ya fi sauƙi" bai lissafa wannan zango ba, bai gama faɗa maka gaskiya ba.

Jirgin yakan tashi da almuru, ya isa Yawunde da hantsin washegari, awa goma sha uku zuwa sha biyar in komai ya tafi daidai. Farashin da aka daɗe ana biya, duk na sefa (jaka ɗaya sefa dubu ce), shi ne jaka 10 kujerar aji na biyu, jaka 17 kujerar aji na ɗaya, jaka 25 gado a ɗaki mai mutum huɗu, jaka 28 gado a ɗaki mai mutum biyu. Gadon nan shi ake kira kushet. A leƙa tasha a tambaya kafin ranar tafiya, kuma a riƙe katin ɗan ƙasa a hannu wajen yankan tikiti. Kushet yana ƙarewa da wuri, musamman lokacin hutun makaranta da gab da salla, don haka wanda ke da ɗan'uwa a Ngaundere ya aike shi ya kama masa tun ana jibi.

Tsakanin aji na biyu da kushet akwai tazara kamar tsakanin kasuwa da ɗakin kwana. Aji na biyu na mai ƙarfin jiki ne da ƙaramin aljihu. Cike yake da jama'a, buhuna a ƙarƙashin kujera, masu tallan magani suna kai-kawo, fitila a kunne har asuba. Barci sai dai gyangyaɗi, jakarka a ƙirji. Aji na ɗaya ya fi sarari da natsuwa, amma zama zama ne. Kushet kuwa ƙofa ce da kake rufewa, da gado mai zanen shimfiɗa, da wurin da za ka shimfiɗa darduma ka yi magariba da isha'i ba tare da wani ya tsallake ka ba. Mace mai tafiya ita kaɗai ta roƙi mai yankan tikiti ya haɗa ta da mata 'yan'uwanta. Mai ciwon ƙafa ko na baya ya nemi gadon ƙasa, don hawa na sama sai da tsani. Bambancin jaka 8 tsakanin aji na ɗaya da kushet, a ganina, babu inda kuɗi ke sayen hutu da araha a duk hanyar kudu kamar nan.

Akwai abin da mota da jirgin sama ba za su ba ka ba. Can tsakar dare jirgi zai tsaya a wata tasha a cikin daji, kafin ƙarar birki ta lafa sai ka ji muryoyin mata daga ƙasa, kowacce da tire a ka da tocila a hannu, ga zumar Adamawa a gorar ruwa, ga ayaba, ga bobolo, wato dafaffen ƙullun rogo, ɗaure da ganye. Ta taga ake ciniki. Na taɓa ganin yarinya tana bin jirgi da gudu bayan ya motsa, hannunta a miƙe, tana ƙoƙarin mai da wa wani dattijo canjinsa, sai da ta jefa masa ta taga sannan ta tsaya. Da gari ya waye kuma za ka ɗaga labule ka tarar ciyawar arewa ta ɓace, kurmi ya rufe ko'ina, kogin Sanaga yana leƙowa ta tsakanin itatuwa. Tashar Yawunde kuma a cikin gari take, daga nan zuwa Briqueterie ko Tsinga ko babban asibiti tasi ɗaya ce.

Ƙarkonsa fa? Damina ba ta cika damunsa kamar yadda take damun mota ba, hazo kuma ba ruwansa. Matsalarsa layi guda. Jiragen kaya da ke ɗauke da shanu, katako, auduga, mai da kwantenonin Cadi duk a kansa suke bi. In ɗaya ya sauka daga layi a wani wuri, kowa sai ya jira. Shi ya sa ba na ba wa kowa shawarar ya isa Yawunde a safiyar ranar da ake nemansa.

Batun haɗari kuwa, babu ɗan Kamaru da zai manta da Eseka. Ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin fasinja mai zuwa Duwala daga Yawunde ya kife a can, hukuma ta ƙirga mutum 79 da suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. A ranar hanyar mota ta yanke, jama'a suka yi dafifi a tasha, aka ƙara taragai. Allah Ya jiƙansu. Darasin da na ɗauka shi ne, ranar da hanya ta karye kowa ya ruga tasha, ranar ce ta haƙura da tafiya in ba dole ba. Ban da wannan, a ranakun yau da kullum, abin da ya fi yawa shi ne ƙananan sace-sace. Rufe taga in jirgi ya tsaya da dare, kada ka bar waya a kan teburin gefenta.

Me ya hana namu gudu irin na Haramaini

Wannan ita ce tambayar da Kawu ya fi nanatawa, kuma tana da amsa. Raba kilomita 622 da awa goma sha huɗu, za ka ga jirginmu bai wuce kilomita 45 a awa ba in an haɗa da tsaye-tsaye. Faɗin layinmu mita ɗaya ne, na jiragen zamani kuwa milimita 1,435. Namu da gas yake tafiya, nasu da lantarki. Namu yana bin kwari da tudu yana lanƙwasa yadda ƙasa ta so, nasu an fasa duwatsu an gina gadoji don ya miƙe sak. Saboda haka sayen sabon kan jirgi ba zai sauya komai ba. Jirgi mai tsananin gudu sabon layi yake so tun daga tushe, da katanga a gefensa don shanu da mutane, da wuta wadda ba ta ɗaukewa.

Haka Maroko ta yi. A Nuwamba 2018 ta buɗe Al Boraq, na farko irinsa a Afirka, mai gudun kilomita 320 a awa tsakanin Tanja da Kenitira, ya mai da tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka awa biyu da minti goma bayan a da tana cin kusan awa biyar. Sun gina manyan tashoshi a cikin biranen, Rabat-Agdal da Casa-Voyageurs, yanzu kuma suna ja da layin zuwa Marrakesh saboda gasar cin kofin duniya ta 2030. A wannan shekarar ta 2018 ne Saudiyya ma ta buɗe nata. Maƙwabtanmu na Najeriya ba su kai can ba, amma sun shimfiɗa layi mai faɗin zamani: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsa.

Mu fa? Tun 2014 Kamaru da Cadi suka sa hannu a kan a ja layi daga Ngaundere zuwa Njamena, Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗin nazari. An yi ta magana ko ta Garwa da Marwa zai bi, ko ta Mundu da ke kudancin Cadi. Har yau Cadi ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gyaran kilomita 330 na tsakanin Belabo da Ngaundere, wanda bankunan Turai suka amince su ba da kuɗinsa. Ni dai in za a tambaye ni, ban roƙi gudun 320 ba. A ba mu jirgi mai kilomita 100 a awa wanda zai tsaya a Garwa, ya tsaya a Marwa, ya isa Kuseri. Da shi, albasar Marwa ba za ta ruɓe a bayan tirela ba, tsohuwa mai ciwon baya kuma za ta kwanta tun daga garinta. Amma mai tafiya a wannan watan, da abin da ke ƙasa zai yi lissafi.

Babbar mota ta Bartuwa

Kafin a zuba kwalta tsakanin Ngaundere da Garwa-Bulai (wani gari ne daban da Garwa, a iyakar Afirka ta Tsakiya), zuwa kudu a mota sai wanda ya rasa yadda zai yi. Yanzu kamfanoni da yawa suna ɗaukar mutum daga Marwa ko Garwa su bi ta Ngaundere, Maiganga, Garwa-Bulai, Bartuwa, Abong-Mbang da Ayos har Yawunde, wasu su zarce Duwala. Hanyar zagaye ce. Abin da jirgi ke yi a kilomita 622, mota tana yin sa a fiye da 800. Daga Garwa ka ƙiyasta kwana guda cur a zaune, daga Marwa ka ƙara rabin yini.

Ƙarfinta biyu ne. Na ɗaya, tikiti guda, kaya su hau sau ɗaya su sauka sau ɗaya. Wanda ya taɓa sauke buhu shida a tashar mota ta Ngaundere, ya nemi mai amalanke, ya sake auna su a tashar jirgi, ya san darajar wannan. Na biyu, akwai mota kusan kullum, a kamfani fiye da ɗaya. In ka rasa ta nan ka tsallaka can. Kuɗinta yakan faɗo kusa da abin da za ka kashe in ka haɗa motar Ngaundere da kujerar jirgi, ya gaza na kushet. Akwai masu sanyi da kujera mai kwanciya waɗanda ake ce wa VIP, kuɗinsu ya ɗara, kuma in za ka bi mota a irin wannan nisa, ƙarin ya cancanci a biya. Galibin direbobin arewa suna tsayawa salla da cin abinci, wannan kam sai a yaba musu.

Wahalar jiki kuwa nan ta tare. Ban-ɗaki sai inda direba ya ga dama. A shingayen jandarma da 'yan sanda sau da yawa kowa zai sauko, ya nuna katinsa, ya taka ya tsallake shingen, sannan a sake hawa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Mai lafiya zai ɗauke shi miƙe ƙafa. Mai jinya kuwa azaba ce.

Wata damina na shiga motar wani kamfani, ta mace mana tsakanin Maiganga da Garwa-Bulai wajen ƙarfe biyun dare, ana yayyafi. Yaron mota ya shige ƙarƙashinta da fitilar waya a baki, ya fito hannu baƙi ƙirin ya ce sai an kawo ƙarfe daga Ngaundere. Wata baiwar Allah a kujerar bayana da jariri, ruwan zafinta ya ƙare, wani dattijo ya miƙa mata nasa fulas ya ce, "Riƙe, 'yata, ni na sha nawa." A kan kwalaye muka yi asuba a bakin hanya. Sai da rana ta take muka motsa. Babu abin da ya same mu, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar ba na sa mace mai goyo a motar dare.

A cikin hanyoyin uku, mota ce ta fi haɗari, kuma ba na jin akwai mai musu a kan haka. Hanyar Bartuwa zuwa Garwa-Bulai ita ce ta manyan tireloli masu kai kaya Bangi da Njamena, ga motocin katako, ga direban da ya kwana yana tuƙi. Zargina sun ragu a babbar hanya ba kamar da ba, amma gajiyar direba tana nan. Zaɓi kamfanin da ke sa direba biyu, ka duba tayoyi da idonka kafin ka biya. Ba abin kunya ba ne.

Jirgin sama

Garwa, Marwa da Ngaundere duk suna da filin jirgi, kuma Camair-Co, kamfanin jiragen sama na Kamaru wanda ya fara tashi a 2011, shi ke haɗa su da Yawunde da Duwala. Daga Garwa abin bai wuce awa ɗaya da rabi a sama ba. Kuɗinsa yakan ninka na kushet sau biyu, sau uku, har fiye in ka saya a ƙurarren lokaci. Ka ƙara kuɗin tasi, don filin Nsimalen ya fi kilomita 20 daga tsakiyar Yawunde, na Salak ma yana wajen Marwa. Kaya kuma da kilo ake auna su, abin da ya haura sai ka biya da tsada.

Ta wajen lafiyar rai da hutun jiki babu na biyunsa. Inda yake da rauni shi ne tabbas. Ba kowane gari ke samun jirgi kullum ba, jiragen kuma ba su da yawa, in ɗaya ya samu matsala sai jadawalin ya rikice. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na iya rufe fili yini guda. Wanda ke da ganin likita ranar Talata ya sayi tikitin Lahadi, ya bar Litinin a matsayin rara.

Masu tasowa daga Cadi

Mutumin Njamena yana da zango na musamman kafin ya shiga wannan lissafi. In ya haye gadar Ngeli zuwa Kuseri, hanyar Dabanga da Mora zuwa Marwa ta daɗe a lalace, ga matsalar tsaro da Boko Haram ta jawo wa yankin, don haka da rana kawai ake bin ta. Gadar da aka buɗe a 2025 a kan kogin Logon tsakanin Bongor ta Cadi da Yagwa ta Kamaru ta ba da wata mafita. Mutanen Mundu kuwa sun fi kowa sa'a, kwalta ce ta Tuboro kilomita kusan 400 ta sauke su a bakin tashar jirgin Ngaundere, sai dai su ma su yi ta da rana. Tun 2017 'yan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Kamaru da Cadi ke ciki, ba sa buƙatar biza a tsakaninsu, amma a riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa mai aiki, da katin rigakafin shawara, a aljihun gaba. Za a tambaye su ba sau ɗaya ba.

A taƙaice, daga Garwa

| Ma'auni | Mota da jirgin ƙasa | Babbar mota kai tsaye | Jirgin sama |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | jaka 10 zuwa 28, da kuɗin motar Ngaundere | ƙasa da na kushet | ninki biyu ko uku na kushet, ko fiye |
| Lokaci | yini a mota, kwana a jirgi | kusan kwana guda a zaune | rabin yini har da jira |
| Wahalar jiki | kaɗan a kushet, da yawa a aji na biyu | mai yawa | kaɗan ƙwarai |
| Kaya | sauke da sake lodi a Ngaundere | lodi ɗaya, sauke ɗaya | 'yan kilo kaɗan |
| Abin da ke kawo cikas | toshewar layi guda | damina, lalacewar mota | hazo, sauya jadawali |
| Haɗari | ƙananan sace-sace | hatsarin hanya | mafi ƙaranci |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko saurayi mai neman aiki, jaka ɗaya a baya, aljihu ba nauyi: aji na biyu a jirgi, ko mota ta gama-gari. In jarrabawa za ka, ka fi son jirgi, ka isa da kwana biyu a gaba, ka rama barci kafin ka shiga aji.

Ɗan kasuwa mai kaya: mota, ba tantama, musamman a dawowa daga Duwala da dila-dila. In kayan sun yi yawa ƙwarai, ka ba kamfani su ka karɓi rasit, kai kuma ka bi jirgin dare ka tarye su. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu haka suke yi. Mai zarcewa Duwala daga tashar Yawunde yana iya sake kama jirgi, ko ya hau mota ya ci kilomita kusan 240, amma ya guji yin ta da dare.

Iyali mai ƙananan yara, da mace mai ciki ko goyo: ɗakin kushet mai gado huɗu, a kama shi gaba ɗaya in hali ya yi. Yara za su kwanta, akwai ban-ɗaki a ƙarshen tarago, ba mai sauke su a shinge cikin sanyi.

Ma'aikaci ko ɗan kwangila mai taron yini ɗaya, da wanda aka kira shi ga mara lafiya ko jana'iza: jirgin sama, in akwai shi a ranar. In babu, mota ce ta fi saurin tashi da kai.

Waɗanda zan hana su jirgin ƙasa su ne masu jinyar da ba ta jira, irin wanda aka yi wa aiki bai warke ba, ko wanda numfashi ke yi wa wuya, ko wanda zangon Garwa zuwa Ngaundere kaɗai zai iya kayar da shi. Irin wannan dangi su haɗa kuɗi a sa shi a jirgin sama, ko da kuwa mai rakiya ɗaya ne zai bi shi sauran su biyo ta ƙasa.

Inna ba ta kai nan ba, ciwonta na dogon zama ne. Washegari na koma na ce, "Kawu, ku ɗauki shatar ƙaramar mota da sassafe, a kwantar mata da kujerar gaba, ku tsaya a Mbe ta miƙe ta huta kafin hawan dutse. Ku kwana biyu a Ngaundere wajen Yaya, shi zai kama muku ɗaki mai gado biyu, ita a ƙasa kai a sama. Kuɗin jirgin saman da ka tanada kuma kada ka taɓa shi. In likita ya ce sai an yi mata aiki, da shi za ku dawo."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce in kira Yaya a waya tun kafin ya fita kasuwa.